Mai Giya Ke Fara Sha

Wata huɗu na yi a Alƙahira kafin in yarda cewa ni 'yar aiki ce, ba ɗaliba ba. Anti Talatu, wadda ta ɗauko ni daga gida, ce wa mahaifiyata ta yi makarantar ɗinki za ta sa ni, in dawo da takardar shaida da keke. Ko ƙarar keke ban ji ba, sai bokiti da tsumman goge ƙasa. Kullum na tambaya sai ta ce, "Rahila, ke dai kin cika gaggawa, bari a shiga sabuwar shekara." Sabuwar shekarar ta shigo, kasuwancin mijinta ya karye, suka tattara suka wuce Jidda. Ta miƙo mini fasfo ɗina da ƙunshin tsofaffin kayanta, ta ce in zauna wurin mai gadin bene, nan da mako biyu za ta aiko a ɗauke ni. Yau shekara arba'in da ɗoriya, ɗan aiken bai iso ba tukuna.

Ni 'yar gindin duwatsun Kagoro ce. Mijina ya rasu 'yarmu Saratu tana da shekara biyu, na bar ta a hannun Mama na biyo Anti Talatu. Mama burukutu take dafawa, duk ƙauyukan kewaye an san tukunyarta. Dokarta biyu ce. Ta farko, in baƙo ya zo, mai giya ke fara kai ƙwarya baki a gabansa, sannan ta miƙa masa, don ya san babu mugun abu a ciki. Na gida ba a yi masa haka, ya ɗiba ya sha abinsa. Ta biyu, in ta kurɓa ta ji ba daidai ba, ƙwaryar ba za ta bar hannunta ba. Da idona na ga ta tuntsurar wa aladu randa guda ranar kasuwa, mutane na zaune a benci suna jira.

Ainu Shams

Kwana uku mai gadin ya riƙe ni a ɗan ɗakinsa na ƙarƙashin matakala, tare da matarsa da 'ya'yansa. Rana ta huɗu ya sa ni a bas ya kai ni Ainu Shams, inda ya ji an ce baƙar fata na kama haya. Muka yi ta bin lungu yana tambaya, "Nijeriya? Nijeriya?" har aka nuna mana wani bene. Can saman rufi, tsakanin igiyoyin shanya da kejin tantabaru, na ga wata mata a tsugune tana tankaɗe. Na ce, "Sannu da aiki." Ta ɗago a firgice har rariya ta suɓuce mata.

Binta ke nan, matar Malam Sani, ɗalibin addini daga Gusau. Ɗakinsu ɗaya ne tal. Ta dubi gicciyen da ke wuyana, ta dubi ƙunshina, ta ce, "Shigo, 'yar'uwa, sanyin garin nan ba ya tambayar addini." Malam Sani ya kwashi bargonsa ya koma wurin abokansa a ƙasa, har aka share mini ɗan ɗakin wanki na kan rufin. Ranar nan Binta ta kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa da 'yar ragowar daddawar da take ta ɓoyo tun daga gida. Ina jin ƙanshin hawaye suka ɓalle mini. Saratu na tuna, yadda take tsoma hannu biyu a kwano tana lasa har gwiwar hannu.

Malam Sani ya duba fasfo ɗina ya ce izinin zamana ya ƙare tuni. Sai na sami iƙama, wato hatimin hukuma da ke ba baƙo damar zama. In babu shi, ko jirgin komawa gida ba zan shiga ba sai na bi ta hannun 'yan sanda. Ana cikin haka wani ɗan ƙasarmu, Bala Dogo, mai yawo da jakar hannu da baƙin tabarau, ya ji labarina ya hawo har rufi. Wai duk ofishin iƙamar nan babu wanda bai sani ba. Malam Sani yana can yana jarrabawa, ni kuma ban yi shawara da kowa ba. Na tuɓe awarwaron azurfar da Mama ta sa mini ranar aurena, na haɗa da atamfofina biyu sababbi na ba shi. Bayan kwana biyu ya kawo fasfo da hatimi shuɗi ƙato. Har rawa na taka a tsakiyar tantabaru.

Da Malam Sani ya dawo, ya jera nawa da nasa a kan gwiwa. Ya lashi yatsa ya goga nasa, babu abin da ya motsa. Ya goga nawa, tawada ta bi yatsa.

"Innalillahi," ya ce. "Rahila, ai da kin bar shi yadda yake. Wanda izininsa ya ƙare tara ake cinsa. Wanda aka kama da hatimin jabu kuwa, kurkuku ne."

Aka nemi Bala Dogo ƙasa ko sama aka rasa. Ofishin jakadancinmu ma tsoron zuwa na yi, don an ce mini su ma miƙa ni za su yi. Na cusa fasfon a lalita na ɗaure a ƙugu. Daga ranar, duk inda na hango ɗan sanda sai in tsallaka titi.

Abbasiya

Zaman cin abincin ɗalibi ba zai yiwu ba, shi kansa lallaɓawa yake yi. Na shiga yawon neman aiki da 'yan kalmomin Larabcin da Binta ta koya mini. A Abbasiya na ga wani kanti mai sayar da cuku da zaitun da kifin gwangwani, ga wani tsoho a kujera a bakin ƙofa, da zanen gicciye a wuyan hannunsa. Na tsaya na ce, "Shugul," wato aiki. Ya juyo da fuska wajen muryata, idanunsa fari fat, yanar ido ta rufe su.

"Me kika iya, ya binti?" Haka yake kirana har muka rabu, wato 'yata.

Na ce wanki. Ya ce in zo gobe.

Sunansa Ammu Girgis, Kiristan Masar ne, Ammu kuwa kamar a ce Baffa. A ɗakin baya na kantin kwalaben giyar inabi ne jere har rufi. Da na gaya wa Malam Sani ya ɗaure fuska. Can ya ce, "Addininki ya yardar miki, nawa bai yardar mini ba. Ki riƙa wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa kwanon gidan nan, shi ke nan." Bai sake tayar da zancen ba, ni kuma ban taɓa fashin sabulun ba.

Tunda tsoho ba ya gani, ɗan ƙanensa Magdi ke riƙe da ciniki da kai kaya gidajen mutane. Shi ke kawo mini buhunan kwalabe wofi daga otal-otal in wanke a bayan kanti. Akwai wasu masu hoton dutse da farin abu a ƙwanƙolinsa. Waɗannan yakan ware su ya ce, "Ki wanke cikin, amma kada ruwa ya taɓa takardar." Ɗaya ma takardarta ta ɗage a kusurwa, na dama kunun fulawa na liƙe ta da kyau, har ya yaba mini. Ni a zatona kamfani ake mayar wa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wata rana Magdi ba ya nan, wani likita ya zo sayayya. Ammu ya ce in ɗauko masa kwalba ta uku a layin ƙasa. Na ɗauko, na ga wani abu ya kwanta a gindinta, na kama ta da hannu biyu na girgiza sosai. Tsohon nan ya ji ƙarar ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi.

"Me kika yi? Wayyo ni! Shekara takwas tana barci kin tashe ta da mari!"

Ni kuma ba na shiru in ina da gaskiya. Na ce, "Ammu, a wurinmu wanda aka ɗibar wa giya ba a dama ba, an cuce shi. Daɗin ai a ƙasa yake."

Likita ya riƙe ciki don dariya, aka ba shi wata kwalbar. Bayan ya tafi tsoho ya ce in jawo akwati in zauna. "Wace giya kuke yi a ƙasarku?" Na shiga ba shi labari, rabi da baki rabi da hannu, ina mantawa ba ya ganin hannun. Yadda ake jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta kwana ta tashi. Ya yi ta jinjina kai. Tun daga ranar ya mai da ni 'yar makaranta. Ya miƙo mini cuku ya ce in shinshina in faɗi wanda ya fi daɗewa, ya miƙo man zaitun ya ce in nemo wanda aka gauraya. In na canka daidai ya ce, "Tamam." In na kuskure ya ce hancina na can wurin aladun Mama.

Ranar Ista, bayan dogon azuminsu, ya rufe kanti da rana ya sa aka kawo gasasshen nama. Ya ciro makulli daga wuyansa ya buɗe wani ɗan kabad da Magdi ma ba ya taɓawa. Kwalba biyu ce a ciki, masu hoton dutsen nan. Ya ce daga duwatsun Lubnan aka kawo su tun kafin yaƙi ya rufe hanya, su kaɗai suka rage masa na hannun kansa. Ya zare matoshin ɗaya a hankali, ya miƙo mini ya ce in zuba.

Na zuba a kofi, na kai bakina na kurɓa, sannan na miƙa masa.

Ya ji haɗiyata. "Sha kika yi kafin ni?"

Na gaya masa dokar Mama. Ya ce, "Uwarki mutuniyar kirki ce. Amma ki ji ni da kyau, ya binti, kada ki kuskura ki yi haka a gidan manya. Kuma ba haka ake sha ba, kin haɗiye kamar mai ƙishi. Sake."

Ya ce in ɗaga kofin saitin farin bango in gaya masa abin da na gani. Na ce tsakiyar ja ce mai duhu kamar zoɓon da ya kwana, bakin kuwa ya ɗan koma kalar jar ƙasa. Ya ce shekaru ke nan. Ya ce in juya kofin a hankali in sa hanci. Na sa. Da farko ɗinya na ji, nunanniya. Can bayanta sai ga wani ƙanshi da ya sa tsigar jikina ta tashi, irin na dutsen bayan gidanmu in ruwan farko ya sauka a kansa da zafi. Na kurɓa na riƙe a baki yadda ya ce. Ta kama mini harshe da dasashi kamar kanyar da ba ta gama nuna ba, sannan ta sake ni a hankali. Da na haɗiye ya ce in ƙirga har ɗanɗanon ya ɓace. Na wuce ashirin yana nan.

"To, me kika gani?"

Na ce, "Ammu, wannan ta sha wuya kafin ta zo nan."

Ya buga tebur. Ya ce inabin kan dutse rana ta gasa shi, sanyi ya dake shi, saiwarsa ta kutsa tsakanin duwatsu tana neman ruwa, shi ya sa 'ya'yan ƙanana ne amma babu lami a cikinsu. Na ce ai Mama ma dawar kan dutse take bi, ƙwayarta ƙanana, amma mudu ɗaya ya fi biyu na fadama. Washegari ya ba ni ta arha, wadda ake sayarwa a jarka, don in ji bambanci. Zaƙi a gaba, tsami a baya, kafin in ƙirga uku ta tafi. Ya ce, "Ta kwari gaishe ki take yi ta wuce. Ta dutse zama take yi a yi hira."

Akwai wani ɗan sanda da ke zuwa shan shayi a bakin kanti. Ya fara dubana yana tambayar Magdi takarduna. Magdi ya yi dariya ya ce, "Tamu ce," amma ni hankalina bai kwanta ba. Na fasa wa Ammu cikina, har zancen hatimin jabu. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, bari in yi tunani." Cikin masu sayayya akwai Oga Yohanna, ma'aikacin ofishin jakadancinmu, wanda kukunsa ya bar aiki. Tsoho ya yi masa maganata, bai ambaci hatimin ba. Oga ya ce yana da baƙi ranar Asabar da rana, in zo in yi girki in kuma kai abinci tebur. In na yi kyau in zama 'yar aikin gidansa, ofis ya yi mini iƙama. In ban yi ba, in koma inda na fito.

Ranar Alhamis da zan tafi, Ammu ya buɗe kabad ɗin nan ya naɗe kwalba ta biyu a jarida. "Ki sha ranar da takardarki ta fito. Kuma in kika girgiza ta, Allah ya isa." Na rungume ta a ƙirji a tsaye, tun daga Abbasiya har Giza, bas na tangaɗi mutane na turereniya, ni kuwa ina zagin duk wanda ya goge ni da Hausa.

Giza

Gidan Oga Yohanna a hawa na uku yake, ana hango kogi ta taga. Madam matarsa ba muguwa ba ce, tsoron kunya ne ya yi mata yawa. Kwana biyu tana horar da ni: cokali nan, wuƙa nan, ta dama ake zuba abin sha. "In kin buɗe kwalba, ki zuba wa Oga kaɗan ya ɗanɗana. In ya ɗaga kai, sai ki zuba wa baƙi. Kin ji ko?" Na ce na ji.

Baƙin biyu ne. Akwai Kawaja Antun, wani attajiri ɗan Lubnan da Oga ke son girmamawa, don haka ma ya sa Magdi ya kawo kwalba shida na giyar duwatsun ƙasarsu. Sai Alhaji Garba, dattijon da ke kula da fasfo a ofis, wanda aka dafa wa zoɓo a jug nasa daban. Madam ta raɗa mini a kicin cewa takardata a hannun wannan dattijon take.

Dafa-duka ta yi, naman rago ya gasu, har na ji Kawaja na neman ƙari. Madam ta yi mini alama da ido. Na ɗauko kwalba, na zare matoshi. Na zuba kaɗan a kofin da ke gaban Oga. Wallahi har yau ban san yadda aka yi ba. Na ga baƙo zaune yana jira, hannuna ya ɗauki kofin ya kai bakina.

Cokalin Madam ya faɗi a faranti.

Na san na kashe kaina. Amma abin da ke cikin bakina ya fi wannan tayar mini da hankali. Zaƙi a gaba, tsami a baya, kafin in ƙirga uku babu komai. Na dubi kwalbar da ke hannuna, ga kusurwar takarda da busasshen kunun fulawa, liƙin hannuna. Sai a lokacin na gane abin da Magdi ke yi da kwalaben da nake wankewa.

"Rahila!" in ji Oga. "Giya kika sha a kicin? Ajiye kofin nan, ki kawo wani ki zuba wa baƙo."

Da na zuba, wataƙila a yafe mini, a ce ƙauyanci ne. Oga mutumin giyar kwalba mai kumfa ne, ba zai gane ba. Amma wanda zan zuba wa a kan dutsen nan aka haife shi. Ya kurɓa zai sani, ya yi murmushi ya haɗiye, ya tafi da cewa an yi masa ƙarya a gidan nan. Na tuna Saratu, na tuna lalitar da ke ƙuguna. Hannuna dai ya ƙi miƙuwa.

Na ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, ba za a sha wannan ba. Ba ta dutse ba ce, ta jarka ce aka ɗura."

Madam ta ce, "Na shiga uku." Oga ya fara miƙewa. Kawaja Antun, da ba ya jin Hausa, ya tambayi Alhaji Garba abin da ke faruwa, Alhaji ya fassara masa da Larabci yana danne dariya. Na ce a ba ni minti ɗaya. Ban jira izini ba na nufi ɗakina, na zaro kwalbar Ammu daga bayan katifa inda take tsaye tun Alhamis, na taho da ita a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ina kallonta ina cewa ranarmu na zuwa.

Na buɗe. Na zuba ta farko a kofi ɗaya, ta Ammu a wani, na jera su a gaban Kawaja. Ya tura mini na biyun ya ce wani abu. Alhaji ya ce, "Na gaya masa a al'adarku mai giya ke fara sha. Ya ce ki fara." Na kurɓa. Tana nan yadda na san ta, har ƙanshin dutsen. Na zuba masa a sabon kofi.

Ya shinshina ta farkon ya ture ta gefe, ko baki bai kai ba. Ya ɗauki ta biyu ya sa hanci, ya daɗe a haka. Ya kurɓa, ya rufe ido. Da ya buɗe, sun yi ja. Ya ce gonar kakansa na can ƙasa kaɗan da inda ake noman inabinta. Shekara huɗu rabonsa da mahaifiyarsa, yaƙi ya raba hanya. Ya ɗauki tsumman tebur ya goge fuska, babba da shi, bai ji kunyar kowa ba. Ni ma na juya na fuskanci bango, don na san wannan ciwon.

Ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce, "Mai kantin da aka sayo waccan. Ba ya gani. Wanda ke gani dominsa ne ya ci amanarsa, ni kuma na wanke kwalaben ban sani ba. Don Allah kada a taɓa tsohon."

Da Kawaja ya tafi ina kwashe kwanuka, Alhaji Garba ya ce, "Yohanna, ni dai abin da ke cikin kwalaben nan ba ruwana da shi, Allah ya tsare ni. Amma wadda ta iya cewa a'a alhali abincinta na kan tebur, ba a sakinta." Ya juyo wurina. "'Yata, kawo fasfonki in gani."

Na shiga kicin na kwance lalita, na dawo na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Baba, kafin ka buɗe. Hatimin da ke ciki, shi ma irin kwalbar farko ne."

Ya buɗe ya duba ta saman tabarau. "Dogo ne, mai jakar hannu?" Na ce shi ne. Ya yi tsaki, ya jefa fasfon a aljihun babbar rigarsa. "Da kin ɓoye mini na gano da kaina, da babu abin da zan iya yi miki. Ranar Litinin ki zo da hoto."

Oga ya gyara murya. "Amma a gidana, kada ki ƙara sha a gaban baƙo."

Na ce to. Ban ƙara ba kuwa, sai in Kawaja Antun ne ya zo, don shi ba ya taɓa kofi sai na fara.

Wata ɗaya da 'yan kwanaki aka yi ana kai da kawo. Ranar da sabon fasfo ya fito da iƙama a ciki, na fara biyawa Ainu Shams. Malam Sani ya lashi yatsa ya goga, ya sake gogawa, Binta ta rangaɗa guɗa har tantabaru suka watse. Daga nan na wuce Abbasiya. Labari ya riga ni zuwa. Tsoho ya sa an sauko da duk kwalabe masu hoton dutse, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hanci, ya sa an tuttular da su a kwata, ya karɓe makullai daga hannun Magdi. Na same shi a kujerarsa ya rame, rabin kantin wayam.

"Kin sha kwalbar taki?" ya ce.

"Kurɓi ɗaya, Ammu."

"Ya isa. Miƙo takardar."

Na sa masa fasfon a hannu, na buɗe shafin. Ya kai hanci ya ja dogon numfashi, yadda yake yi wa giya. Ya ɓata fuska. "Warin tawadar hukuma, da gumin ma'aikata. Babu daɗi ko kaɗan. Wannan ta gaske ce, ya binti." Ya riƙe hannuna bai saki da wuri ba.

Sai da na ƙara shekara guda a gidan Oga kafin na sami hutun Kirsimeti na zo gida. Saratu ta ɓuya a bayan zanin Mama tana leƙena, ba ta san ni ba. Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a inuwar rumbu, maƙwabta suka cika gida. Mama ta dama randa, ta ɗebo a sabuwar ƙwarya, ta zo gabana ta tsaya, ta fara ɗaga ta zuwa bakinta.

Na kama hannunta. Na ce, "Mama, baƙo ake yi wa haka."

Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta sauke ƙwaryar, ta miƙo mini ba ta sha ba.